Sama ma da mai ita: dokar hana shawagi da hukuncinta, daga jirgin alhazai zuwa diron ɗin biki a Kano

A watan Janairun 2025, ɓangaren sojin sama na rundunar Operation Haɗin Kai ya haramta tashin jirage marasa matuƙa a jihohin Borno, Yobe da Adamawa. Kafin nan, a Afrilun 2024, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta aika wa kamfanonin jirage takardar gargaɗi kan keta sararin da ke saman fadar shugaban ƙasa a Abuja. A Maris ɗin 2021 kuwa, gwamnatin Muhammadu Buhari ce ta hana shawagin jirage a saman jihar Zamfara. Ga mai sauraron rediyo, duka ukun labari ɗaya ne, an hana jirgi tashi. Amma hurumin da aka dogara da shi, da wanda dokar ta hau kansa, da abin da zai biyo baya idan an karya ta, sun sha bamban.

Babu sanarwar da ta ambaci Kano a cikin ukun, sai dai hakan bai mayar da sararin birnin na kowa ba. Masu ɗaukar hoton biki, 'yan fim, masu awon filaye da manoman rani da suka rungumi ƙaramin jirgin nan mai kyamara, wanda masu sana'a ke ce wa diron, suna ƙarƙashin dokokin da suka girmi waɗannan sanarwoyi, kuma da yawansu ba su taɓa ganin dokokin a rubuce ba.

## Wa ke da iko da sama

Tushen maganar ita ce yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, Najeriya kuma ta shige ta a 1960. Sashenta na farko ya ce kowace ƙasa ita kaɗai ke da cikakken iko da sararin da ke samanta. Sashe na 9 ya ba ƙasa damar rufe wani yanki saboda buƙatar soja ko tsaron jama'a, da sharaɗin girman yankin ya zama daidai misali, kada ya shaƙe zirga-zirga ba gaira ba dalili. Sashe na 8 kuma ya ce jirgin da babu matuƙi a cikinsa ba zai ratsa sararin wata ƙasa ba sai da izini na musamman. An rubuta wannan ana tsaka da yaƙin duniya na biyu, kusan shekara 70 kafin diron ya zama kayan da ake saye a shago.

A cikin gida, kundin tsarin mulkin 1999 ya sa harkar jiragen sama a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, shari'arta kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yi. An ga yadda wannan ke aiki a Afrilun 2020, lokacin kullen korona, da gwamnan Ribas na wancan lokaci, Nyesom Wike, ya sa aka kama matuƙa biyu na kamfanin Caverton bisa zargin karya dokar jihar. Ministan jiragen sama Hadi Sirika ya fito ya ce tarayya ce ta ba su izini, kuma jiha ba ta da ta cewa a kan sama. Abin da wannan ke nufi a Kano shi ne, gwamnatin jiha, ko masarauta, ko mai unguwa, ko mai ɗakin taron biki, suna iya ba mutum izinin tsayawa a ƙasa ya ɗauki hoto, amma ba su da ikon buɗe masa sama. Takardar Hukumar Tace Fina-finai ta shafi fim ɗin da za a yi, ba ta shafi tashin jirgin da zai ɗauke shi ba. Haka nan mallakar gida ko gona ba ta ba mutum sararin da ke kanta.

Hukumomin tarayyar ma ba ɗaya ba ne, kuma a nan ruɗani ke farawa. NCAA ce ke kafa ƙa'ida, ta ba da lasisi, ta yi hukunci. NAMA ce ke riƙe da hasumiya da na'urar hango jirage, ita ke magana da matuƙi, ita kuma ke buga kundin bayanan sararin ƙasa da sanarwar gaggawa da ake kira NOTAM. FAAN ce ke kula da filin jirgin kansa. Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro shi ke tantance wanda zai shigo da diron da wanda zai yi sana'a da shi, sojin sama kuma su ne ke tare jirgin da ya ƙi jin magana. A taswirar ICAO, sararin Najeriya baki ɗaya sunan Kano yake ɗauke da shi, ana kuma tafiyar da shi daga manyan cibiyoyi biyu, ɗaya a Kano, ɗaya a Legas.

## Rufewa ba iri ɗaya ba ce

Ƙa'idar duniya ta kasa rufaffen sarari gida uku. Akwai haramtaccen yanki, wanda jirgi ba ya shiga ko da wane lokaci ne. A taswira ana sa masa harafin P bayan haruffan ƙasa, waɗanda ga Najeriya su ne DN, shi ya sa yankin da takardar NCAA ta 2024 ta yi magana a kai ake kiransa DNP4. Akwai taƙaitaccen yanki, mai harafin R, inda ake shiga amma bisa sharaɗi: ko a wasu sa'o'i, ko a wani tsayi, ko da amincewar hukumar da ke riƙe da wurin. Sai yankin haɗari, mai harafin D, kamar filin gwajin harbi na soja. Shi wannan gargaɗi ne, ana sanar da matuƙi cewa a lokaci kaza ana wani aiki da zai iya hallaka jirgi.

Kowane yanki yana da faɗi, yana da ƙasa da sama, wani kuma yana da lokaci. Jirgin da ke ratsa Najeriya daga Turai zuwa Afirka ta Kudu a tsayin ƙafa 35,000 yana iya wucewa ta saman wani taƙaitaccen yanki ba tare da ya taɓa shi ba, domin rufin yankin yana can ƙasa da shi. Mai ganin jirgi ya gifta ta saman wurin da aka ce an rufe ba lallai ne ya ga karya doka ba.

Bayan waɗannan na dindindin akwai rufewar wucin gadi, wadda ake yi da NOTAM: zuwan shugaban ƙasa, atisayen soja, gyaran titin jirgi, ko rikici. Rufe sararin Nijar da sojoji suka yi a Agustan 2023 na cikin wannan aji, kuma ya tilasta wa jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai yin dogon zagaye. Matakin Zamfara na 2021 ya fito ne daga taron majalisar tsaro, aka haɗa shi da hana haƙar ma'adinai, bisa zargin ana amfani da jirage wajen kai makamai da kwashe zinare. Haramcin Arewa maso Gabas kuma umarni ne na rundunar da ke fagen daga, ya kuma tsaya kan jirage marasa matuƙa kawai.

Akwai kuma wani aji da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi shafar mutumin Kano. Shi ne sararin da hasumiya ke iko da shi a kewayen filin jirgi. Ba a haramta shi ba, jirage ma nan suka fi yawa, amma babu abin da ke tashi a cikinsa sai mai kula da zirga-zirga ya sani kuma ya amince. Ƙa'idar ICAO ta ce wannan da'ira ta fara daga doron ƙasa, ta kuma kai aƙalla kilomita 9.3 daga tsakiyar filin ta fuskokin da jirage ke bi su sauka.

## Birnin da ya haɗiye filin jirginsa

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ne ranar 1 ga Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojin saman Ingila suka iso daga Masar. A 1936 aka fara jigilar yau da kullum. A wancan zamani filin yana bayan gari. Yau Filin Jirgin Malam Aminu Kano yana zagaye da unguwanni, daga Fagge da Sabon Gari zuwa Kurna, Jaba da Fanisau. Wanda ya ɗora ma'auni a taswira ya auna kilomita tara daga filin zuwa kudu maso yamma zai ga ya ratsa Gwammaja da Dala, ya shiga can cikin tsohon birni.

Ta wannan fuska titunan jirgin biyu suka miƙe, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kuma mutanen Gwammaja sun san ma'anar hakan. Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin kamfanin EAS ya faɗa unguwar jim kaɗan da tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, a cikin jirgin da kuma a ƙasa. Diron ba shi da hannu a wannan, amma haɗarin ya nuna cewa duk abin da ya sami jirgi a mintunan tashi da sauka, kan gidajen mutane yake ƙarewa.

Lissafin yana da sauƙi. Jirgin fasinja yana gangarowa ne a kan kusurwar digiri 3. Idan saura kilomita biyar ya taɓa titi, tsayinsa bai wuce mita 280 ba. Idan saura kilomita biyu, yana wajen mita 120, wato daidai tsayin da ƙa'ida ta yarda diron ya kai a wuraren da ba a hana ba. Gudun jirgin fasinjan a lokacin ya kai kilomita 250 a sa'a, kusan mita 70 a kowace daƙiƙa, don haka matuƙin da ya hango wani abu mai girman faranti a gabansa ba shi da lokacin kauce masa. Idan hunturu ya kawo hazo, ko hangowar ma babu. Ƙananan diron na kasuwa kuwa ana iya saita su su haura mita 500.

Wasu na cewa ai tsuntsaye ma suna karo da jirage kullum. Gaskiya ne, amma tsuntsu nama ne da ƙashi mai laushi, diron kuwa yana da injina na ƙarfe da batirin litiyam mai iya kamawa da wuta. Binciken da hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ɗauki nauyi a 2017 ya nuna diron ya fi tsuntsu mai nauyinsa yi wa jirgi ɓarna. Sannan filin Kano ba na farar hula kaɗai ba ne. Sojin sama suna da sansani da makarantar koyon tuƙin jirgi a nan, jiragen horo kuma ba sa bin jadawalin da fasinja ya sani. Mai diron da ya duba waya ya ga babu jirgin da zai sauka cikin sa'a guda bai ga rabin abin da ke sama ba.

## Yadda dokar diron ta samo asali

Har zuwa 2016 kusan babu mai tambaya. A watan Mayun shekarar NCAA ta sanar cewa babu hukuma, kamfani ko mutum da zai tashi jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro. Sharuɗɗan da suka biyo baya na manyan kamfanoni ne: rajistar kamfani mai jarin hannun jari na Naira miliyan 20, kuɗin duba takardu Naira 500,000 da ba a mayarwa, da shigar da buƙata wata shida kafin fara aiki. Matashin da ya haɗa kuɗi ya sayi diron don ɗaukar kamu da yini ba shi da ta inda zai shiga wannan layi, sai ya ci gaba da aikinsa, dokar kuma ta ci gaba da zama a takarda.

Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 ta maye gurbin ta 2006, a 2023 kuma aka sabunta kundin ƙa'idojin NCAA, aka keɓe kashi na 21 ga jirage marasa matuƙa. Tsarin yanzu ya fi duba nauyin jirgin da irin aikin da zai yi. Daga giram 250 zuwa sama ana buƙatar rajista. Mai yin sana'a yana buƙatar takardar shaidar mai gudanarwa, wanda ke riƙe da rimot kuma yana buƙatar shaidar ƙwarewa. Ƙa'idojin tashi sun yi kama da na yawancin ƙasashe: kada a wuce ƙafa 400, wato wajen mita 120, kada jirgin ya ɓace wa idon mai tuƙa shi, kada a bi ta kan cincirindon jama'a ko a tashi da dare ko a kusanci filin jirgi sai da izini na daban.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne izinin hawa uku ne, kuma ɗaya ba ya wadatarwa daga ɗaya. Kamar mota ce: takardar kwastam daban, lasisin tuƙi daban, kuma duka biyun ba sa buɗe ƙofar Barikin Bukavu. Na farko shi ne takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, EUC, wadda ofishin mai ba da shawara kan tsaro ke bayarwa kafin a shigo da jirgin ƙasar. Rashinta ne ke sa kwastam su riƙe diron a filin jirgi ko da mai shi ya biya haraji. Na biyu rajista da lasisin NCAA. Na uku izinin wuri da lokaci, wanda a kewayen filin jirgi sai da sanin NAMA.

Kamfanin DJI, wanda ya mamaye kasuwar, yana ƙera wasu jiragensa a kan giram 249 da gangan don su kuɓuce wa rajista a ƙasashe da dama. Rashin nauyi yana iya sauƙaƙa takarda, amma ba ya buɗe rufaffen sarari. Haka manhajar da ke cikin waya: idan ta bar jirgi ya tashi, ba izini ta bayar ba. Kamfanin ma ya sassauta makullin da ke hana tashi a Turai da Amurka, ya mayar da shi gargaɗi, ya bar alhaki a wuyan mai tuƙi.

## Hukunci: matuƙi da mai rimot

Ga babban jirgi, hukunci yana farawa tun yana sama. Mai kula da zirga-zirga zai kira matuƙi ya ba shi hanyar fita. Idan bai amsa ba, ana neman sa a zangon rediyo na gaggawa, 121.5. Idan shiru ya ci gaba, jirgin yaƙi yana iya tashi ya zo gefensa ya kaɗa fukafukai, alamar da kowane matuƙi ya koya tun a makaranta cewa an tare shi, ya biyo baya. Harbi ba ya cikin matakan da dokar duniya ta yarda da su a kan jirgin farar hula. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin Koriya ta Kudu ranar 1 ga Satumban 1983, mutum 269 suka mutu, an ƙara wa yarjejeniyar Chicago wani sashe a 1984 da ya wajabta wa ƙasashe kauce wa amfani da makami a kan jirgin farar hula da ke cikin tafiya. Abin da ƙasa ke da iko da shi shi ne tilasta masa sauka.

A ƙasa kuma sai bincike. Ana sauraren maganar rediyo da aka naɗa, a duba layin da jirgin ya bi. Matuƙin da ya kauce saboda hadari ko matsalar inji yana da kariya, domin ƙa'ida ta ba shi damar saɓa wa doka idan ceton jirgin ya tilasta. Idan laifin na mai hasumiya ne, shi ma lasisinsa a hannun NCAA yake. Matakan su ne gargaɗi, tara, dakatar da lasisi, soke shi, ko gurfanarwa a kotu. Tarar a da ba ta taka kara ta karya ba: a Mayun 2020 an ci kamfanin Flairjet na Birtaniya tarar Naira miliyan ɗaya kan jigilar kasuwanci lokacin da aka rufe sararin ƙasa, minista kuma ya ce iyakar abin da doka ta yarda ke nan. Abin da kamfani ke tsoro na haƙiƙa shi ne a tsare masa jirgi ko a dakatar da takardarsa, domin jirgin da ke ajiye kuɗi yake ci.

Idan jirgin na wata ƙasa ne, siyasa kan shigo. A Disamban 2014 an tsare wani katafaren jirgin dakon kaya ƙirar Antonov a Kano, ɗauke da jirage masu saukar ungulu na sojin Faransa a hanyarsa daga Bangui zuwa N'Djamena, sai da Faransa ta yi bayani aka sake shi. A Disamban 2025 abin ya juyo kan Najeriya: jirgin sojin samanta ƙirar C-130 ya sauka a Bobo-Dioulasso, Najeriya ta ce matsalar inji ce, Burkina Faso da ƙawayenta suka ce keta sarari ne, aka riƙe mutanen cikinsa har sai da ministan harkokin waje na wancan lokaci, Yusuf Tuggar, ya je da kansa.

Mai diron lamarinsa ya sha bamban, kuma ta wata fuska ya fi rauni. Ba shi da rediyon da za a kira shi, ba shi da kamfani ko ƙungiyar matuƙa da za ta tsaya masa, kariyar nan ta hana harbi kuma an yi ta ne domin rayukan da ke cikin jirgi. Jami'in da ke gadin bariki ko gidan gyaran hali na Kurmawa ba zai buɗe kundin NCAA ba. Abin da kan fara faruwa shi ne ƙwace jirgin da katin hotuna, sai tsarewa da tambayoyi. Laifin da za a rubuta kuma ya danganta da inda aka kama mutum. Tashi ba rajista laifi ne a dokar jiragen sama. Ɗaukar hoton wurin tsaro yana iya faɗawa ƙarƙashin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda ɗaurinta ke iya kaiwa shekara 14 idan aka tabbatar da niyyar cutar da tsaron ƙasa. Idan aka ga alamar alaƙa da 'yan ta'adda, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ce za ta hau. Ban da wannan akwai diyya, idan jirgin ya faɗo kan mutum, ko mota, ko ya firgita doki a tsakiyar hawa.

## Inda aka ja daga

Hujjar jami'an tsaro ba ta da wuyar fahimta. A Disamban 2024 mayaƙan ISWAP sun kai hari da diron masu ɗauke da abin fashewa kan sansanin soja a Wajiroko, ƙaramar hukumar Damboa, kuma irin jiragen kasuwa ne ake sauya wa fasali. Wanda ke ƙasa ba shi da hanyar bambance diron ɗin biki da na leƙen asiri. Masu kula da filayen jirgi su ma suna da abin nunawa: a Disamban 2018 rahoton ganin diron ya rufe filin Gatwick na Ingila, tashi kusan 1,000 ya lalace, fasinja wajen 140,000 suka yi cirko-cirko, har yau kuma ba a hukunta kowa ba. Bayan nan ne Birtaniya ta faɗaɗa da'irar hani zuwa kilomita biyar daga bakin titin jirgi.

Masu sana'a ba su musanta haɗarin ba. Abin da suke cewa shi ne doka mai tsada da nisa tana haifar da akasin abin da ake nema: mai niyyar kirki ya kasa cika sharaɗi ya koma aiki a ɓoye, mai mugun nufi kuwa dama ba zai nemi rajista ba. Suna kuma nuni da cewa taswirar rufaffun yankuna da NOTAM an rubuta su ne domin matuƙa, da gajerun haruffa da lambobin wuri, ba domin mai ɗaukar hoto a Kofar Mata ba. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi. Da wuya a ce mutum ya kiyaye iyakar da ba a nuna masa ba, kuma dokar da ba a cika aiwatarwa ba, ran da aka tashi aiwatar da ita, kan mai uwa da wabi take yi.

Akwai masu kawo misalin kamfanin Zipline, wanda tun 2022 yake kai magunguna da allurar rigakafi asibitocin karkara a jihar Kaduna da jirage marasa matuƙa, a matsayin shaidar cewa tsarin yana aiki. Masu suka na amsawa da cewa yana aiki ne ga kamfanin da ke da lauyoyi da yarjejeniya da gwamnati. Wasu kuma suna juya tambayar: wa ke sa ido kan jiragen hukuma? Yarjejeniyar Chicago ba ta hau kan jiragen soja, kwastam da 'yan sanda ba. Harin Tudun Biri na ranar 3 ga Disamban 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya kashe masu Maulidi aƙalla 85 a ƙidayar hukumar NEMA, ya fito da wannan fili, domin sojin sama sun fara cewa ba su da hannu kafin sojin ƙasa su amsa.

Ƙorafi na ƙarshe ba daga hukuma yake ba, daga magidanta yake. Ginin Kano na gargajiya ya dogara da katanga da soro wajen sirri, tsakar gida kuwa a buɗe take ta sama. Diron da aka ɗaga domin hoton ayarin amarya yana ganin gidaje goma da ba a gayyace shi ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin mutum da gidansa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta shafi hoton da ake iya gane mutum a cikinsa, kuma izinin NCAA ba ya goge ko ɗaya.

## Abin da ya shafi mutumin gari

Ga mai biki, bambancin yana cikin farashi. Mai hoton da ya yi rajista, ya ɗauki inshora, ya nemi izinin wuri, dole kuɗinsa ya fi na wanda bai yi ba. Idan ɗakin taron yana kusa da filin jirgi, ko bariki, ko Gidan Gwamnati, mai gaskiya zai ce ba za a tashi ba, kuma idan aka matsa masa aka samu matsala, bikin ne zai tsaya. Hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamban 2024, ya haɗa duk abubuwan da ƙa'ida ke gudu wuri guda: cunkoso, dawakai, manyan baƙi, ga kuma kusanci da hanyar jirage.

Ɗan kasuwa ko matafiyin da ya sako diron a jaka daga Dubai ko Guangzhou yana iya rabuwa da shi tun a teburin kwastam idan babu EUC, kuma takardar kafin shigowa ake nemanta. Wanda ya saya a hannu a cikin gari ya gaji wannan gibi, domin ran da aka tambaye shi ta ina jirgin ya shigo, rasit ɗin shago ba amsa ba ce.

Fasinja shi ba ya ganin dokar sai ta taɓa shi. Rahoto ɗaya daga matuƙi cewa ya ga wani abu a hanyar sauka ya isa a dakatar da tashi, a sa jirage su yi ta zagaye, ko a karkatar da su Abuja. A lokacin jigilar alhazai, jinkirin jirgi ɗaya yana ture jadawalin waɗanda ke bayansa, har da lokacin sauka da aka ware masa a Jidda ko Madina.

Manoman Kadawa, Kura da Bunkure suna da sauƙi ta fuskar wuri, tunda sun yi nisa da filin jirgi kuma babu cunkoso a gona. Ta fuskar takarda kuwa nasu ya fi nauyi. Diron ɗin feshi idan aka cika tankinsa yakan haura kilo 25 nesa ba kusa ba, yana kuma zubar da sinadari daga sama, don haka ya fita daga ajin ƙananan jirage ya shiga na masu buƙatar cikakkiyar takardar gudanarwa. Ga ƙungiyar manoma, hayar kamfanin da ya riga ya mallaki takardun ta fi sayen jirgin sauƙi, kuma a kan kadada ake biya.